Bahon wanka a saman bene: shin dekin zai ɗauka?

Bayan sallar la'asar wata Asabar Kawu ya kira ni daga unguwar Madina ta Akra, na ji muryarsa ba a sake ba. Kwantenar da Yaya ta turo daga Jamus ta fito daga tashar jiragen ruwa ta Tema, an kai kayan gidan da take ginawa, a cikinsu har da bahon wanka na zubin ƙarfe, irin mai ƙafa huɗun nan. Ƙarti shida suka sauke shi daga mota suna nishi. Kawu ya ce da ni, "Ɗana, wai wannan abu a sama za a ajiye shi, a cika shi da ruwa, mutum kuma ya shiga ciki? Ka fa san ɗakin da ke ƙarƙashin wurin na mahaifiyarku ne."

Na ce, "Kawu, kada kowa ya hau da shi sai na zo."

Sana'ata lissafin kayan gini ce, shekara da shekaru ina yawo a wuraren aiki daga Kasoa har Ashaiman, kuma wannan tambaya ta Kawu na sha jin ta a bakin mutane tun da 'yan'uwanmu na ƙetare suka fara tayar da benaye a Madina da Adenta da Fadama. Tambaya ce mai kyau, ina girmama duk wanda ya yi ta kafin ya ɗora kaya a kan mutanen da ke kwana a ƙasa. Sai dai na lura yawanci tsoron yana sauka a kan bahon, alhali abubuwan da suka fi shi haɗari suna nan kusa da shi ba wanda ya kalle su.

Ruwa ba shi da wuyar lissafi. Lita 1 kilo 1 ce. Galan ɗin nan rawaya da muke kira galan Kufuor, mai cin lita 25, in ya cika kilo 25 ne. Jakar fiya wata mai ƙulli 30 kilo 15 ce. Bahon da aka fi sayarwa a shagunan kayan banɗaki tsawonsa mita 1.7, faɗinsa santimita 70, yana cin lita 150 zuwa 200 kafin ruwa ya kai ramin da rara ke fita. In na roba mai ƙarfi ne, wato akirilik, shi kansa bai wuce kilo 30 ba ko kusa da haka. A sa ruwa lita 150, babban mutum mai kilo 80 ya shiga, an tashi da kilo 260, buhun siminti 5 da ɗan ɗoriya. Na zubin ƙarfe irin na Yaya shi kaɗai yakan kai kilo 100 zuwa 180. Mu ce 140, ruwa lita 200, mutum 80, ya zama kilo 420, fiye da buhu 8. Wanda aka sassaƙa daga dutse kuwa yana iya haura rabin tan tun ba a zuba masa ko ɗigo ba.

To nawa aka tsara bene ya ɗauka? Injiniyoyinmu a Gana sun daɗe suna aiki da ƙa'idar Birtaniya, wadda ta ce a lissafa wa ɗakin zama a gida kilo 150 a kan kowane murabba'in mita, ban da nauyin ginin kansa. Ƙa'idar Turai ta sa tsakanin 150 da 200. Ta Amurka ta zo kusan 195. A nan ne mai karatu zai tsaya ya buga lissafi ya firgita: bahon roba yana zaune a kan murabba'in mita 1.2, kilo 260 a raba da 1.2 ya ba da kusan 215, ke nan ko bahon da ya fi kowanne sauƙi ya zarce ƙa'ida?

Lissafin daidai ne, fahimtar ce ta karkace. Wannan 150 ba iyaka ba ce da aka yanka wa kowane tayil. Ma'anarta ita ce a ɗauka an shimfiɗa wannan nauyi a ko'ina cikin ɗakin, kusurwa zuwa kusurwa, lokaci guda, dekin, wato zubin kankaren da ake takawa a bene, ya ɗauka ba gezau. Mutum mai kilo 90 da ke tsaye a kan tafin ƙafarsa biyu, in aka yi masa irin wancan lissafin, ya ninka ƙa'idar sau goma, amma ba mu taɓa jin bene ya ɓurma don wani ƙato ya tsaya a kai ba. Banɗaki mai mita 2 da mita 2.5 murabba'in mita 5 ne, rabonsa kilo 750. Baho ya ci 260, sauran filin kusan fanko yake, daga masai sai wurin wanke hannu. Ga shi kuma injiniya ba ya tsayawa a kan adadin ƙa'ida. A tsohon tsarin Birtaniya yana ninka nauyin gini da 1.4, nauyin mutane da kaya da 1.6, kafin ya zaɓi kaurin dekin da yawan rodi.

Akwai wani adadi da yake kwantar wa mutane da hankali in na faɗa musu. Kankare mai rodi kilo 2,400 ne a kowace mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi. Dekin mai inci 6, wato santimita 15, yana da nauyin kilo 360 a kowane murabba'in mita. Ɗaki mai mita 4 da mita 4, dekinsa kaɗai kilo 5,760 ne, ya doshi tan 6, kuma dare da rana yana ɗauke da kansa. Bahon roba cike da ruwa da mutum bai kai kashi 5 cikin 100 na wannan ba. Saboda haka in dekin an zana shi, an ɗaura rodinsa yadda aka zana, an zuba shi da kankare mai kyau, bahon gida na yau da kullum ba abin da zai yi masa, har ma da na zubin ƙarfe.

Dukan maganar tana rataye a kan wannan "in" ɗin. Za mu dawo gare shi.

Kafin nan, ga wata dabara da nake so kowane mai gida ya haddace, don ta fi duk lissafin da na yi a sama amfani. Nauyin da ruwa ke ɗora wa abin da yake kai, zurfinsa ne ke faɗa. Kowane santimita 10 na zurfi kilo 100 ne a kan murabba'in mita, ko ruwan a kwano yake ko a tafki. Baho mai ruwa santimita 40, kilo 400 ne a kan ɗan wurin da ruwan ya kwanta, kuma wurin ƙarami ne, fankon da ke kewaye da shi yana taya shi. Babban bahon nan mai feso ruwa da ake kira jakuzi, na mutum huɗu, labarinsa daban. Yakan ci lita 1,000 zuwa 1,500, a haɗa da jikinsa da injinsa da mutanen ciki ya tasam ma kilo 1,800 a kan fili mita 2 da mita 2. Kilo 450 ke nan a murabba'in mita, ninki uku na ƙa'ida, kuma ya cinye yawancin ɗakin, babu sauran fanko da zai rage masa. Wannan ba a sa shi a bene sai injiniya ya yi lissafi da alƙalami.

Yanzu ka ɗaga kai ka dubi rufin gidajen Nima da Mamobi. Baƙin tankin roba da muke kira folitanki, in ruwan cikinsa ya kai tsayin mita ɗaya da rabi, kilo 1,500 yake ɗorawa a kan kowane murabba'in mita na inda ya zauna. Ninki goma na ƙa'ida. Mai lita 2,500 tan biyu da rabi ne, buhun siminti 50 a jibge wuri guda. Mutumin da ya kasa barci saboda baho mai kilo 300, sau da yawa yana kwance ne a ƙarƙashin tanki mai tan 2 da aka ɗora a tsakiyar dekin don nan ne mai aikin famfo ya ga bututu zai fi sauƙin bi. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin kusan ba gidan da ba shi da shi, kuma ban cika ganin wanda ya tambaya ba.

Ƙarancin ruwan famfo ma ya shigo cikin lissafin ta wata ƙofar. Wanda ya ƙera baho a Turai ya ɗauka za a cika shi rabi, a yi minti talatin a ciki, a zare toshiya ruwa ya tafi. A unguwannin da famfo ke zuwa kwana biyu a mako, baho ma'ajiyar ruwa ce. Ranar da aka saki ruwa daga tashar ruwa ta Kpong ko ta Weija, ana toshe har ramin rarar da tsumma a cika shi taf, a jera galan goma a gefe, a kawo durom mai lita 200 a tsayar a kusurwa. Galan goma kilo 250 ne, durom 200, baho 230. Banɗakin da muka ce rabonsa 750 ya kusa cika, kuma nauyin zai kwana, ya wuni, ya yi mako. Kankare yana da halin da in nauyi ya daɗe a kansa yakan ci gaba da lotsawa a hankali, shekara bayan shekara. Saboda haka in za a lissafa wa gida a nan Akra, a lissafa yadda za a yi amfani da banɗakin ranar da ruwa ya zo.

Sai maganar wuri, wadda ta fi maganar kilo muhimmanci. Duk wanda ya taɓa tsallaka gota a kan falankin katako ya san karatun da ƙafarsa. In ka taka bakin falankin, kusa da inda ya dafa ƙasa, ba ya motsi. Kana kaiwa tsakiya zai lanƙwashe. Dekin ma falanki ne, mai faɗi, wanda ya dafa a kan bango ko bim, wato azarar kankare. A dekin da ke da ratar mita 4 tsakanin madafansa biyu, nauyin da aka ajiye santimita 40 daga bango yana lanƙwasa shi kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da zai yi in a tsakiya aka sa shi. Shi ya sa baho a jikin bango yake da sauƙi, irin wanda ake tsayarwa shi kaɗai a tsakiyar ɗaki kamar a otal kuwa ya fi wahalar da dekin. Kuma in an ninka ratar, daga mita 3 zuwa mita 6, wahalar da dekin ke sha daga nauyin da ke shimfiɗe a kansa ba ninki biyu take ba, ninki huɗu take. Banɗakin da ya faɗo a saman babban falo wanda ba fila, wato ginshiƙi, a tsakiyarsa ya fi bukatar a tsaya a duba shi fiye da wanda ke saman ɗan sito.

A lura da wani tarko a nan. Bangon da kake gani a sama ba lallai ne akwai bango a ƙarƙashinsa ba. Mutane sukan zuba dekin, daga baya su yanke shawarar yadda za su raba ɗakunan sama, birkila ya ja igiya ya jera bulo inda mai gida ya nuna. Bangon bulo marar rami mai inci 6, tsayin mita 3, da filastarsa, yana kai kilo 900 zuwa tan guda a kowace mita ta tsawonsa. Bangon banɗaki mai mita 2.5 ya haura tan 2. In ba bim ko bango a ƙarƙashinsa, wannan bangon kaya ne a kan dekin, ba madafa ba, kuma jingina baho da shi ƙara wa mai kaya kaya ne. Abin da nake fara yi duk gidan da na je shi ne in auna daga taga ko kusurwar gini a sama, in sauka ƙasa in maimaita awon, in ga me ke ƙarƙashin me. Tef ɗin awo kawai ake bukata.

Akwai kuma nauyin da ke ɓoye a ƙarƙashin tayil. Da yawa daga masu aikin famfo, don su guje wa huda dekin, sukan shimfiɗa bututu a samansa su binne da yashi da fasassun bulo, banɗakin ya ɗaga da taki guda. Ciko mai santimita 15 yana kai kilo 270 a murabba'in mita, dabe mai santimita 5 ya ƙara sama da 100. Kafin a shigo da baho an riga an ɗora fiye da ninki biyu na rabon mutane da kaya. In ruwa ya sami hanya ya jiƙa cikon, nauyi ya ƙaru, kuma danshin ya zauna a kan dekin ba ranar bushewa.

Mu koma ga "in" ɗin nan. Kankare gwarzo ne wajen dannawa, rago ne wajen ja. Ƙarfinsa na jurewa ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa na jure danni ba. Dalilin sa masa rodi ke nan. Dekin da ya dafa gefe biyu, in ya lotsa cikinsa na ƙasa ne ke miƙewa, don haka rodi a ƙasa yake zama, a kan 'yan gutsattsarin simintin da maginanmu ke kira biskit, waɗanda ke ɗaga shi kamar santimita 2 zuwa 2.5 daga katakon zubi. Baranda mai fitowa waje ba fila a ƙarƙashinta akasin haka take. Kamar hannu ne da aka miƙa ɗauke da bokiti, samanta ne ke miƙewa, rodinta dole ya kasance a sama kuma ya shige can cikin dekin ɗaki ya kama.

Wanda ya taɓa tsayawa a wurin aiki ranar zuba dekin ya san abin da ke faruwa. Leburori ashirin ko talatin suna hawa suna sauka da kwanon kankare a ka, ana sauri a gama kafin magariba, kowa yana taka rodi. Rodin sama da ba a yi wa kujera mai ƙarfi ba yana nutsewa ya koma tsakiya ko ƙasa. Bayan an goge saman ba mai sake ganinsa. In rodin baranda ya sauka daga sama zuwa tsakiyar kaurin, kusan rabin ƙarfinta ya tafi, kuma baranda ba ta da wani wurin da za ta miƙa nauyi in ta gaza, sai dai ta karye daga gindi. Ga mai tuƙa kankare yana ƙara ruwa don ya yi sauƙin ɗiba, ruwan da ya wuce kima kuwa yana rage ƙarfi. Ga gaggawar cire gorar da aka tokare da ita don a mayar wa mai haya, alhali ana ƙidaya cikakken ƙarfin kankare ne a kwana 28, a kwana 7 kusan kashi biyu cikin uku kawai ya samu, shi ma in ana ba shi ruwa safe da yamma. Rodin kansa na sha aunawa in ga wanda aka saya da sunan milimita 12 bai kai ba. Bambancin ƙarami ne a ido, amma 11.5 ya rasa kashi 8 cikin 100 na ƙarfen da ke cikin 12, in kuwa 11 ne kashi 16.

Ba ina zagin maginanmu ba ne, a cikinsu akwai masu tsoron Allah da sanin aiki, na koyi abubuwa da yawa a hannunsu. Yadda muke gini ne ke buɗe ƙofa. Kuɗi na zuwa kaɗan kaɗan, a yi tushe bana, a kai linta baɗi, a zuba dekin bayan shekara uku, a bar rodi tsaye a sama yana shan ruwan sama da iskar teku har Allah Ya hore na ci gaba. Masta uku ko huɗu sun taɓa ginin, ba wanda ya san abin da na gabansa ya binne, zanen kuwa in ma an yi, na neman izini ne, yana cikin akwati. Gana tana da kundin ƙa'idar gini, GS 1207, da aka ƙaddamar a 2018, amma kundi ba ya hawa dekin ranar zubi. Mutanen Akra ba su manta da 7 ga Nuwamba 2012 ba, ranar da benen babban kanti ya rufto a Achimota, mutum 14 suka rasu, daga baya aka bayyana cewa ginin ba shi da izini kuma kankarensa bai kai ba. Kuma garin nan yana kan ƙasa mai motsi. Girgizar 22 ga Yuni 1939 ta kashe mutum 17, ko a Disamba 2022 an ji ƙasa ta motsa. Duk nauyin da aka kai sama, musamman ruwa mai tangaɗi a cikin tanki, yana ƙara wa filoli aiki ranar da ƙasa ta girgiza.

Abin da ya fi cin banɗakin bene a hankali kuwa yoyo ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ɗan tsagi a bakin magudana, ko gam ɗin da ya saki tsakanin baho da tayil, ruwan sabulu yana bi kullum har ya iske rodi. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki da yawa, tana kumbura ta tunkuɗe kankaren da ya lulluɓe ta. Kusa da teku gishirin iska yana hanzarta abin. In ka shiga ɗakin ƙasa ka ga jan tabo a silin, ko tsagi miƙaƙƙe da ke bin layin rodi, ko ɓawon kankare yana faɗowa, ko ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa kamar ganga, wannan dekin ya riga ya fara magana. Silin POP da muke ƙauna yana rufe duk waɗannan alamu har sai abin ya yi nisa. Wani lokaci ma ɓarnar rana ɗaya ake yin ta: mai aikin famfo ya zo da guduma da kurfi zai fitar da bututun baho, ya ci karo da rodi biyu, ya yanke su don bututu ya wuce.

Benen katako ya yi ƙaranci yanzu, sai a tsofaffin gidajen Jamestown da Osu da 'yan soron da ake yi cikin shaguna, amma ƙa'idarsa a taƙaice take. A gano inda azarun katakon suka miƙa, a gicciya bahon a kansu don huɗu ko biyar su raba nauyin, kada a kwantar da shi a tsawon guda ɗaya ko biyu. Ƙarfin azara a tsayinta yake: mai inci 8 ta kusa ninka mai inci 6 sau biyu, kuma in aka yanke inci 2 daga mai inci 6 don bututu ya bi, abin da ya rage bai kai rabin ƙarfinta ba. Katakon odum yana da ƙarfi kuma gara ba ta cika damunsa ba, wanda ake kira wawa kuwa katakon zubin kankare ne, ba na ɗaukar baho ba. A soka sukudireba a ƙarshen kowace azara inda ta shiga bango, nan ne ruɓa da gara ke farawa. Baho mai ƙafa huɗu yana tara sama da kilo 100 a kan kowace ƙafa, a fili bai fi kwalin ashana ba. Dekin zubi ba ruwansa da wannan, sai dai tayil ya fashe in ƙarƙashinsa da rami. Amma a kan falanki, ko a kan dekin nan na jeren bim da bulo mai rami wanda kankaren samansa siriri ne, dole a sa faranti na ƙarfe ko katako mai kauri ya baza nauyin.

Da na isa Madina ranar Lahadi, ga abin da na tarar. Ƙasan gidan an zuba dekinsa shekara bakwai da suka wuce, maginin da ya zuba ya bar gari. Banɗakin da Yaya ta zaɓa yana da wani sashe da ya fito waje mita 1.2 ba fila, da babbar taga, kuma nan take so bahon ya zauna. A saman banɗakin an riga an zuba ɗan dekin an ɗora tanki mai lita 2,500, wanda Kawu bai ko ambata ba a waya. Na kira ta ta bidiyo na nuna mata. Ta ce, "Ƙanena, kuɗi na kashe a bahon nan, kada ka ce min ba zai yiwu ba." Na ce, "Yaya, zai yiwu, amma ba a bakin tagar nan ba, kuma ba da bakina za a yanke ba. A kira injiniyan gini mai rajista."

Irin wannan duba ba ya ɗaukar fiye da wuni guda. Injiniyan ya zo da na'urar da ake gogawa a kan kankare ta nuna inda rodi yake, tazararsa da zurfinsa, da wata guduma mai sifirin da ake dannawa a jikin kankare ta ba da kimanin ƙarfinsa. In shakka ta yi yawa sukan huda su cire ɗan gunduwa a kai ɗakin gwaji a matse, amma a nan ba a kai ga haka ba. Cikin ɗakin dekin lafiya lau yake, inci 6 cif, rodi a inda ya kamata. A sashen da ya fito waje kuwa rodin sama ya nutse kusan tsakiya. Ya ce kada a sa komai mai nauyi a wurin, kuma ya zana ƙarfe biyu da za a tokare shi da su daga ƙasa, tunda bangon taga ma a kansa yake zaune. Wani daga cikin ma'aikatan ya kawo shawarar a gwada wurin da galan galan na ruwa a ga ko zai ɗauka. Injiniyan ya hana, ni ma na goyi bayansa, domin gwajin nauyi aiki ne da ake yi da ma'auni da tokara a ƙasa, ba da mutane a cikin gida ba.

Bahon ya koma jikin bangon ciki, wanda muka auna muka tabbatar yana daidai kan bangon ɗakin Inna da ya sauka har tushe. Bututunsa an fitar da shi ta bango ya bi waje, ba a taɓa dekin ba, ba a yi ciko ba, an shafa maganin hana ruwa a daben kafin a manna tayil. An zazzage tankin aka sauko da shi, mai walda ya yi masa hasumiyar ƙarfe a tsakar gida mai tushenta daban. Silin ɗakin Inna kuwa Kawu ya ce kada a sa masa POP, farin fenti kawai aka shafa wa cikin dekin.